Ɗan Kasuwar da Ya Yabi Oga

Cikin shekarun da na yi ina aiki a wata ƙungiyar kare haƙƙin 'yan kasuwa a Gombe, ban taɓa mantawa da ranar da muka shirya rahoton koke-koke ba. 'Yan kasuwa ne suka kai ƙarar masu tatsarsu, kuma in sunan mutum ya fita, rumfarsa na iya tafiya.

Ni da Madam Rifkatu, babbar sakatariyarmu 'yar unguwar Herwagana, aka ɗora wa tsabtace takardun kafin a sa su a intanet. Ƙa'idar ita ce, ba a shafa baƙin launi a kan suna a tafi, domin rubutun yana nan kwance a ƙasa, mai kwafa zai kwafo shi. Gogewa ake yi ɗungurum. Sannan a buɗe bayanan da fayil ke ɓoyewa: wa ya rubuta, a wace kwamfuta, yaushe. Su ma a share.

Muna cikin haka muka iso kan wata takarda da Oganmu, Alhaji Buba, ya turo da kansa. Wai wani ɗan kasuwa ne da bai so a san shi ba ya rubuto, yana yabon Oga: jarumi, uban marayu, ba ya barci saboda talaka. Madam ta buɗe bayanan ɓoye, ta juyo mini da kwamfutar. Marubuci: Alhaji Buba.

Muka same shi a ofis yana shan shayi.

Madam ta ce, "Yallaɓai, mun gano ɗan kasuwan nan. Muna tsoron kada a cutar da shi."

Ya ce, "Kun gano shi? Ta yaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunanku ɗaya. Har kwamfutarku ɗaya."

Shayin ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa, sai ya ce, "Ku cire takardar. Mutumin ya janye."

Daga nan ya jawo kujera ya zauna kusa da mu, aka bi sauran fayilolin ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya, "Wannan ma kun duba cikinsa?" Rahoton ya fita, ba sunan kowa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku buɗe cikin kowane fayil kafin ku sake shi. In kuma kun ga sunan oganku, ku bari ya ajiye kofin tukuna.