Kawun Da Ya Zo Tare Da Gida

Mai Saƙa ta yi rabin rayuwarta a kan layi. A gidan hayar da aka haife ta akwai layin famfo, akwai na banɗaki, ko igiyar shanya sai wata ta kwashe nata kafin ka samu wuri. Da ta yi aure ma ba ta tsira ba, domin mijinta, wani direban babbar mota, ɗaki biyu ya kama musu a gidan da ya fi na iyayenta cika. A can ta haifi 'ya'yanta mata uku, a can ta koyi saƙa da inji tana yi wa 'yan makaranta rigunan sanyi, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Mace ce marar yawan magana. Ba girman kai ba ne, ta dai gaji da jin tarin maƙwabta ta bango. Burinta ɗaya ne kuma ba ta ɓoye shi: ta samu ƙofar da za ta rufe da hannunta ba tare da wani ya tambaye ta dalili ba.

Gidan da Direba ya saya musu tsoho ne, a ƙarshen wani layi. Ɗaki uku, tsakar gida mai fasasshen siminti, bishiyar lemon tsami, da wani benci na katako a ƙarƙashinta wanda zama ya sa ya yi santsi. Abin da dillali ya faɗa kawai shi ne, wata tsohuwa ce mai shi, ta rasu, 'ya'yanta da ke nesa suka sayar.

Suka tare. Washegari Direba ya ɗauki hanya, ya bar ta cikin ƙullin kaya da kwalaye. Tana cikin neman inda aka cusa ludayi sai ta ji sallama. Wata mata ce doguwa da mayafi a kafaɗa, tana sauri.

"Sannu da zuwa, maƙwabciya. Ni ce matar mai walda, ga gidanmu can mai jar ƙofa. Ungo, in yaran sun taso."

Ta danƙa mata mabuɗi ta wuce. Mai Saƙa ta tsaya da shi a hannu. Waɗanne yara? Kafin ta koma ciki wani mutum ya jingine tukunyar gas a zaure, ya ce mai karɓa zai zo, bai faɗi ko wane ne ba. Can wata ta shigo har tsakar gida, ta gaishe ta da fara'a, ta tsinki lemo ta zuba a gefen zani ta fita. Mai Saƙa ta leƙa waje ta dubi gaban gidan, ko akwai wani allo da aka manta ba a cire ba. Babu komai.

Da rana ta take, sai ga wani tsoho. Tsaf yake, riga a goge, hula a zaune, sanda a hannu. Ya tura ƙofa ya yi sallama, bai jira amsa ba ya miƙe zuwa bencin nan ya zauna kamar mai dawowa daga aiki. Ya dubi tsakar gidan, ya ɗan ɓata rai.

"An canja wa randa wuri," in ji shi. "An sauke tukunya kuwa?"

Sai ta tuna Direba ya taɓa cewa yana da wani kawu a wannan ɓangaren gari. Kunya ta kama ta, ga dangin miji ya zo ya tarar da gida a hargitse. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta kawo abinci a kwanon da ta fi ji da shi. Ya ci sosai, ya wanke hannu, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan, kamar kullum."

Kamar kullum? Ta juya maganar a ranta, ba ta samu inda za ta ajiye ta ba. Wataƙila ya taɓa cin girkinta a wani taro ta manta. Da rana ta yi sanyi ya tashi ya ce, "Sai gobe." Ta ɗauka irin sai goben nan ce ta baki. Ashe da gaske yake.

Ya zo gobe, ya zo jibi. Yaran suka saba, da sun dawo makaranta sai su je su ce, "Kawu, ina wuni," shi kuma ya kira su da sunayen da ba nasu ba, su yi ta dariya. Mabuɗai kuwa suka ci gaba da zuwa, har ta buga ƙusoshi a bayan ƙofar kicin tana rataye su, tana ƙoƙarin tuna fuskar mai kowanne. Ba ta tambayi kowa komai ba. A gidan haya ta koyi cewa tambaya ɗaya kan jawo hira ta yini guda.

Ranar da Direba ya dawo, ya shigo da gajiyar hanya ya tarar da tsohon a kan benci da kwano a gabansa. Nan take ya cire takalmi ya rage tsawo ya kwashi gaisuwa, har da tambayar mutanen gida. Tsohon ya ce duk suna lafiya. Mai Saƙa ta ga haka daga kicin, hankalinta ya kwanta. Daga nan duk tafiyar da Direba zai yi sai ya yo wa tsohon tsaraba, wani lokaci sabulu, wani lokaci takalmin roba. In ya kira ta daga hanya yakan ce, "Kawu ya ci abinci?" Ta ce, "Ya ci." Kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ya kyauta.

Sai da aka yi makonni a haka. Wata safiya Direba yana shan shayi, ta zauna gefe tana warware zare, ta zaɓi kalmominta a hankali don kada ya ce ta gaji da danginsa.

"Baban yara, ba wai wani abu ba. Shi kawun naka, ba shi da iyali ne?"

Ya sauke kofin. "Kawun wa?"

"Kawunka mana. Na kan benci."

"Ke, bar wasa. Ba ƙanin babanki ba ne?"

"Babana shi kaɗai aka haifa, ka sani!"

"To ni kawuna da nake faɗa miki ai ya fi shekara biyar a ƙasa."

Suka zuba wa juna ido. Direba ne ya fara dariya, har shayi ya sarƙe shi. Ita kam ba ta yi dariya ba. Mutumin da ba ta san daga ina ya fito ba ya yi ta zama da ita da 'ya'yanta mata a gida, ta wanke masa kwano, ta durƙusa masa.

"To wane ne?" ta ce.

"Ni na sani? Ki sa sakata kawai. In ya zo ya ga a rufe, zai koma inda ya fito."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ta sa sakata. Da lokacin ya yi ta ji an tura ƙofa, ta ji an sake turawa, sannan sanda ta fara bugun ƙarfen, ba da ƙarfi ba.

"Yaya! Yaya, buɗe mana. Ni ne."

Yaya kuma? Mutumin da a shekaru ya haife ta? Ta zauna gaban injinta ta kama ja da sauri, ƙararsa ta cika ɗakin. Da ta tsaya ta saurara, babu motsi. Ta duba abin da ta saƙa, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Wajen la'asar aka buga ƙofar da hannu biyu. Wata mata ce da farar rigar aikin kantin magani, za su yi sa'a da Mai Saƙa, tana haki.

"Don Allah Baba yana nan? Na dawo ban same shi ba."

"Wane Baba?"

Matar ta dube ta kamar an mare ta. "Babana. Da yake wuni a nan."

"Ya zo, amma... na rufe ƙofa."

Kafin ta ƙarasa, matar mai walda ta iso, wasu ma suka fito, magana ta rinƙa zuwa mata ta ko'ina. Da ƙyar ta haɗa ta. Tsohuwar da ta rasu, wadda duk layin ke kira Goggo, yayar tsohon ce, ita ta raine shi tun suna marayu. Da ya tsufa ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da abubuwa, ya manta matarsa ta rasu, wani lokaci ya manta 'yarsa, amma bai manta hanyar gidan Yaya ba. Can yake wuni in 'yar ta tafi aiki. An kai shi jana'izar Goggo, ya yi kuka, washegari ya shirya ya tafi gaishe ta. Goggon ce kuma mai riƙe mabuɗan layin tun kafin a haifi wasu daga cikin masu kawo su.

"Amma ba wanda ya gaya mini!" in ji Mai Saƙa.

"Na gaya wa maigidanki!" in ji 'yar. "Ranar da kuka tare na same shi a ƙofa, na ce Baba zai riƙa shigowa, a yi haƙuri da shi. Ya ce ba komai, ai gidansa ne."

Mai Saƙa ta tuno Direba a ranar, da kabad a ka, yana cewa ba komai ga duk wanda ya yi masa magana.

Ba wanda ya zage ta, abin da ya fi damunta ke nan. Layin ya watse neman tsoho. Mai walda ya rufe shago ya hau babur, mata suka rarrabu lungu lungu. Ita ma ta yafa mayafi ta bi 'yar, ba ta san unguwar ba, duk kwanar da suka sha sai ta ga kamar sun taɓa shan ta. Tana tafe tana tambayar kanta ko laifi ta yi. Gidanta ne, ƙofarta ce.

Mai gyaran takalmi ne ya ce ya ga wani tsoho ya yi wajen makarantar firamare. Can suka same shi, zaune a kan dutse a bakin ƙofar makarantar da aka daɗe da tashi, hularsa a gwiwa. 'Yar ta ruga ta kama hannunsa, ya fizge.

"Sake ni, baiwar Allah. Yayata nake jira, yanzu za a tashe su."

Sai ya ɗaga kai ya ga Mai Saƙa. Fuskarsa ta saki, leɓensa na rawa kamar na ƙaramin yaro.

"Yaya, ina kika je? An rufe gida."

Mutane suka juyo suna kallonta. Ta dubi 'yar, 'yar ta sunkuyar da kai. Ta buɗe baki ba ta san me zai fito ba, sai ta ji kanta tana cewa, "Kasuwa na je. Tashi mu tafi, ka sa hularka."

Ya tashi. Ya kama gefen mayafinta bai saki ba har gida.

Bayan wannan ba a zauna an yanke wata shawara ba, abin dai ya ci gaba. 'Yar ta riƙa aiko da cefane, Mai Saƙa ta mayar sau biyu, daga baya ta gaji ta karɓa. Ta gano tsohon yana iya riƙe zare a hannuwansa biyu tana naɗewa, kuma in yana wannan aikin ba ya neman tashi. Direba in ya dawo yakan leƙa kicin ya ce, "Ina ƙanin naki?" ta harare shi. Mabuɗan ma ta ci gaba da karɓa, sai dai yanzu takan tsayar da mai kawowa ta ce, "Tsaya, ke matar wa ce?" Ta haka ta san layin gida gida, da masu faɗa da juna, da wadda ba a ba wa ajiyar magana. Har yau in an tambaye ta yaushe ta yarda da wannan aiki, sai ta ce ita ma ba ta sani ba.

Wata rana suna naɗin zare ya tsaya ya ƙura mata ido, idonsa tar, ba hazo a ciki.

"Ke ba Yaya ba ce."

Ta tsayar da naɗin. "A'a, Baba."

"To wace ce ke?"

"Ni ce... nan nake."

Ya gyaɗa kai kamar hakan ya isa. "To sannu da aiki," in ji shi, ya sake miƙa mata hannuwansa.

Ya yi damina biyu yana zuwa, sannan ƙafa ta ƙi. Da ta ga bencin ya wuni babu kowa, washegari ta zuba abinci a kwano ta nufi gidan 'yar. Shi ne karo na farko da ta shiga gidan wani a layin da ƙafarta, ba a kira ta ba. Ta same shi a kan katifa an jingina shi da matashi, ya rame. Ya dube ta da ladabi irin na baƙi, ya matsa mata wuri.

"Baƙuwa muka yi? Daga ina?"

"Daga nan ƙarshen layi, Baba."

"Ƙarshen layi! Ai yayata tana can. Mai saƙa ce, za ki ji ƙarar injinta tun daga waje. Ba ta da yawan magana, kada ki ɗauka fushi take, haka Allah ya yi ta. In kin koma ki shiga ki gaishe ta, ki ce ƙafa ce ta hana ni zuwa, kada ta yi ta jira."

"Zan gaya mata," in ji Mai Saƙa.

Ta zauna har ya ci ɗan abin da zai iya, ta ɗauki kwanon ta fito. A hanya matar mai walda ta tare ta daga bakin jar ƙofarta.

"Yaya jikin nasa? Ya gane ki?"

Mai Saƙa ta tsaya, ta gyara riƙon kwanon.

"Da sauƙi," ta ce. "Ya ba ni saƙo in kai wa kaina."