Yaɓen Ɗakin Mai Karatun Taurari

Fuskar wayarsa na fara gani, kafin in dubi tasa fuskar da kyau. Muna shiƙar gero a bayan gidan gwaggona, a ƙauyenmu da ke tsakanin Buza da Allakaye, sai ga ɗanta ya fito da waya a hannu yana neman inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Bai daɗe da zuwa hutu ba daga ƙasar Turawa inda yake karatu. Na hango wani abu fari yana haske a gilashin, zuciyata ta ce mini hoton mace ne cikin farin mayafi. Lokacin na gama kwaleji ina zaune gida, kuma da wuya a kawo littafin soyayya kasuwar Madawa bai biyo ta hannuna ba. A littattafan nan, duk saurayin da ya dawo daga waje da hoton wata yake dawowa.

Taubashina ne, wasa ya halatta tsakaninmu. Na ajiye ƙwarya na fizge wayar. Ba mace ba ce. Wani farin abu ne a murɗe cikin baƙi, kamar an zuba nono a tukunya an juya shi da ludayi sau ɗaya.

"Ita ce budurwar tawa," in ji shi. "Ta hi ki haske, kuma ba ta hizgar kayan mutane."

Na ce to ya kai mata goro mu gani.

Ya zauna bisa turmin da aka kife ya yi mini bayani, ni kuma na ci gaba da shiƙa don kada gwaggo ta ce zance ya ɗauke ni. Ya ce garken taurari ne, a can sunansa galaksi, kuma haskensa ya baro gida tun babu mutum a doron ƙasa. Amma shi ba farin yake karantawa ba. Baƙin da ke kewaye da shi ne aikinsa. Ya ce kowane garke yana zaune ne a cikin wata siririyar iskar gas mai faɗin gaske, kamar yadda wata ke yin sansani, sai dai ita ido ba ya ganinta. Idan ta huce sai ta gangaro cikin garken, daga ita ake haihuwar sabbin taurari. Idan manyan taurari suka mutu suka fashe, sai su koro ta waje kuma. Na tambaye shi yadda yake karanta abin da ba a gani. Ya ce in ɗaga ƙwaryar ta wajen rana in zuba. Na zuba, ƙaiƙayi ya tashi ya rage hasken da ke zuwa idona. Ya ce haka suke yi, suna neman wata fitila mai ƙarfi da ke can bayan garken, su duba abin da iskar ta rage daga haskenta.

Na ce, "Wadda aka koro waje, tana dawowa?"

"Wata na dawowa in ta huce. Wata ta tahi ke nan. In garken ƙarami ne, ba shi da ƙarhin riƙo."

Rabin farko na amsar tasa na riƙe. Na kai shi ɗaki na yi ta juya shi kamar alewa a baki. Ran da zai koma, a tashar Buza, ya ce in riƙa leƙa Innarsa, wato gwaggo, kuma kada in bari wani mai albasa ya saye ni da babur. Bai ce komai ba bayan wannan. A littattafaina, magana irin wannan alkawari ce.

A wajenmu, kafin ruwan farko ya sauka, kowane gida na yaɓe ɗakunan mazan da suka tafi cirani, don su tarar da rufi ba ya yoyo. Ɗakin da aka yaɓe, ana sa ran mai shi. Kuma yarinyar da ta ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ɗakin saurayi, ba tare da an aike ta ba, ta gaya wa gari inda zuciyarta take. Bazarar nan na ɗauki tulu na sauka rijiyar kwari, na hau, na sauka, har magini ya ce ya isa. Mata a bakin rijiya suka ce mini amaryar taurari. Ban ji haushi ba, har daɗi sunan ya yi mini.

Daminar bai zo ba, ya ce suna da lokacin duba sama da ba a ɗagawa. Na sake ɗebo ruwa bazara ta gaba, da wadda ta biyo ta. Mai albasan ya zo kuwa, mutumin Madawa, mai kunya, da baburinsa. Ya yi ta zuwa har ya gaji. Mahaifina bai tilasta mini ba, ya dai tambaye ni ko akwai maganar da aka yi wadda shi bai sani ba. Na ce akwai. Da ya ce wace ce, na rasa abin da zan maimaita masa.

Waya tana zuwa, amma tana gajercewa. Yakan gaishe da gwaggo, in na karɓa ya tsokane ni kaɗan, ya ce aiki na jiransa. Wata rana na tambaye shi labarin budurwar tasa. Ya ce ya bar wannan, yanzu yana kan wasu garkuna ne da iskarsu ta yi zafin da ba ta hucewa. Tana nan kewaye da su, amma ba ta saukowa. Su ba sa haihuwar sabon tauraro, tsofaffin ne kawai ke ci gaba da ci, suna ja, suna dushewa a hankali. Yana faɗa cikin murna, don ya gano wani abu a kansu. Ni ina tsaye a tsakar gidan gwaggo, ina kallon layin ɗakunan unguwarmu. A cikinsu, waɗanda aka daina yaɓewa sun fi waɗanda ake yaɓewa yawa.

Bazarar da ta biyo baya na zo da tuluna kamar kullum. Gwaggo na zaune tana tsince wake. Ba ta ɗago ba.

"Ɗiyata, aje tulun nan. Bana ba a yaɓe."

Na ce ko magini ne bai samu ba.

"Magini na nan. Ki aje dai."

Daga baya na ji, ita ta riga ta sani, ya gaya mata ya yi aure a can, da wata abokiyar aikinsa. Ta kasa faɗa mini da baki. Na ajiye tulun na zauna na taya ta tsince waken har muka gama. Cikin tsakiyar damina rufin ya jiƙe, azara ta karye, ɗakin ya rufta ciki. Aka kwashe itacen aka yi girki da shi.

Daga baya na samu aikin koyarwa na kwantaragi a wani ƙauyen Keita, ina can har yau. Masu zuwa zance sun daina zuwa tun tuni. Littattafan suna cikin akwati, wani lokaci nakan ciro ɗaya in karanta farkonsa, in mayar kafin a kai inda ake dawowa.

Shi kuwa ya zo bara, ta'aziyyar gwaggo, bayan an yi sadakar bakwai. A Madawa ya riƙa kwana, da safe mota ta kawo shi, don babu ɗakin da zai sauka. Ya yi furfura a gefen kai, ya zama babban malami a can, an ce har ɗalibai gare shi. Hausarsa tana tsayawa a tsakiyar magana tana neman kalma. Ya gaishe ni da "malama", ban da tsokana. Ya tsaya a kan tudun ƙasar da ɗakinsa yake a da, yana ɗaga waya yana neman rezo. Na hango gilashin. Hoton wata yarinya ce ƙarama cikin rigar sanyi, da idanun gwaggo sak. Ya ce 'yarsa ce, ba ta jin Hausa tukuna, amma yana da niyyar kawo ta wata shekara. Kafin la'asar motar ta zo ta ɗauke shi.