Ranar da Inno ta ce in ajiye Tsintuwa

Mu a gidanmu na Taloka, da an gama sallar magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun da Baba ka banda kihi. Can kakata Inno ka zama, ta miƙe ƙahwahu, tana tura kara cikin wuta tana yi muna tatsuniya. Zamanin Nasara ne, ni ko ina 'yar shekara takwas ko tara. Duk cikin jikokinta ni ka zama dab da ita, har 'yan'uwana na yi min ba'a wai na manne ma tsohuwa.

Shekaran nan, bayan ruwa ya janye daga hwadama, nit tsinci wata 'yar kyanwa ta sarƙe cikin tsohuwar komar kamun kihi da anka yar bakin gulbi. Idanunta sun liƙe da kwantsa, ƙazwa ta cinye mata gashin baya, ko kuka ba ta iyawa. Nis sa ta cikin zanena niz zo gida. Uwata na ganin ta tac ce in maida ta inda niɗ ɗauko. Inno ce tat tsaya min.

"Bar yarinya," tac ce. "Allah ne yak kai ta wurin. Kulu, kawo ta nan mu gani."

Ita tak koya min komi. In jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in goge idanun a hankali. In shahwa man kaɗe inda ƙazwar take. In ɗiga mata nono a baki da tsinken kara, don ba ta iya lasa. Ita ma tas sa mata suna Tsintuwa. Kwana tara muna haka, ran na goma ido guda yab buɗe, tad dube ni. Wallahi kuka niy yi. Tun daga nan ba ni zama jin tatsuniya sai da Tsintuwa bisa cinyata, ina jin haƙarƙarinta yana ɗagawa.

Wata magariba mun zauna, Inno tad dube ni tac ce, "Kulu, kai ta ɗaki cikin kwandonta. Ba a jin tatsuniya da abu a cinya."

Nic ce, "Inno, tun yaushe? Jiya ma tana nan."

"Hayaƙi na shiga mata ido. Ke dai kai ta. Yau ta kurciya za ni yi maku."

Ta san wadda nih hi so ke nan. Nit tashi nik kai ta, nil lulluɓe ta da tsumma, nid dawo da gudu.

Tatsuniyar ta wata tsohuwa ce mai zama bakin gulbi, wadda tat tsinci kurciya da karyayyen hwiffike tana jinyar ta. Dila na son kurciyar. Sai yaz zo da shigar ɗan kasuwa yac ce a ba shi ita ya ba da zane, tsohuwa taƙ ƙi. Yad dawo da shigar mai magani yac ce shi ka ɗori, taƙ ƙi. Yad dawo da shigar ɗan'uwa yana kuka, tac ce mai, "Abin da yaz zo hannuna da rauni amana ne, ba ni ba da shi." Daga nan kurciya ta kan warke, ta tashi sama, ta hango ruwa tahe, ta gaya ma tsohuwa ta hau tudu ta tsira. Na san tatsuniyar kamar sunana. Sau ukku dila ka zuwa.

Ran nan dila yaz zo sau ukku, sai kuma yad dawo na huɗu, wai maroƙi. Yad dawo na biyar, wai mai tallan gishiri. Mu ko muna ta dariya, muna cewa Inno ƙara. Tana ƙarawa tana leƙen zaure. Ni shashasha ban lura ba. Sai da dila yaz zo na bakwai, nij ji motsin Baba ya shigo, ƙahwahun wandonai jiƙe sharkab, sannan tar rufe tatsuniyar a gurguje, ko tashin kurciya ba ta tsaya kai ba.

Nis shiga ɗaki, kwando ba komi, tsumma a ƙasa. Nid duba ƙarƙashin gado, bayan rumbu, cikin turke. Nid dawo nit tsaya gaban ta.

"Inno, ina Tsintuwa?"

Ba ta dube ni ba. "Babanki ya ƙetare gulbi da ita."

Kowa a garinmu ya san mi wannan ka nuhi. In ana son rabuwa da kyanwa, ba a kashe ta, ana tsoron alhaki. Sai a sa ta buhu a haye ruwa da ita cikin jirgi a sake ta, don in ta ƙetare ruwa ba ta gane hanyar gida. Mai lahiya ta kan nemi abincinta. Tsintuwa ko ido guda gare ta, tana tahiya tana hwaɗuwa.

"Mi tay yi maku?" nic ce.

Sai tag gaya min. Mai unguwa ya aiko cewa gobe duba-gari na tahe daga Wurno. In yat tarad da dabba mai ƙazwa inda aka banda kihi, yana iya sa a ƙone kihin duka, abin da Baba yak kama wata guda, shi za mu ci har kaka. Ta ce da sun hwaɗa min da na tada gida da kuka.

"Da na kai ta gidan Goggo kwana guda," nic ce. "Da kin tambaye ni."

Tac ci gaba da tura kara cikin wuta.

Da sahe duba-gari yaz zo da hularshi. Yal leƙa randa biyu, yas sa anka zubad da guda, yah hita. Ko ɗakin bai shiga ba. Kwana ukku ina bin masu jirgi ina roƙon su duba min can ƙetare. Ba wanda yag ga ko gashinta.

Yanzu da na girma na san nauyin ciyad da gida, na daina ganin laihin Baba. Tsoro yaj ji, kuma tsoron na da dalili. Inno ce har yau abin ka ci min rai. Ita ta koya min goge idanun nan. Kuma duk tatsuniyoyin da ke bakinta, ta rasa wadda za ta riƙe ni da ita sai ta amana. Na ci gaba da yi mata aike, na yi jinyar ta da tat tsuhwa, na yi kuka da tar rasu. Amma ban sake zama dab da ita bakin murhu ba, kuma ta san dalili, ba ta taɓa kira na ba.

Yau ni ce tsohuwar da jikoki ka kewayewa. Kwanan baya ƙaramar cikinsu taz zo da ɗan tsako a cinya, uwarta tac ce ta kai shi akurki tukuna. Nic ce a'a, bar mata abinta nan inda take ganin shi. Kuma a tawa tatsuniyar, sau ukku dila ka zuwa.