Riba Biyu a Zauren Malam

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sani mai littattafai na unguwar Gobarau. Ɗan da na haifa bayan rasuwarsa, aka sa masa sunansa, yanzu har ya isa yi mini musu a kan aikin gida. Ni kuwa har yau in na taso daga gidana na Kambarawa zuwa gaida Inna, sai na ji na gyara mayafi tun daga bakin lungu, kamar zan same shi zaune a zaure.

Malam mutum ne mai sanyin magana da taurin ra'ayi. Da safe yana sayar da littattafan addini, bayan la'asar kuma 'yan kasuwa su kewaye shi da nasu littattafan suna ɗaukar karatu. Larabci da ajami kamar ruwa, amma boko bai taɓa yarda ya koya ba. Yakan ce rubutun da ya fara daga hagu ai da gani ya tashi da ƙafar hagu. Duk da haka, da na samu gurbi a jami'a a fannin harkokin kuɗi, bai hana ni ba. Dariya ma ya yi, ya ce shi bai san kuɗi ma sai an je jami'a kafin a san su ba, ga kakata ta yi shekara hamsin tana adashi ba ta da ko takardar firamare.

Shekarar farko ta ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Lissafin bai dame ni ba, Turancin malaman ne yake wuce ni a guje. Sai na ɓullo da dabara: duk abin da aka koyar, in na koma ɗaki sai in sake rubuta shi da Hausa a wani littafi mai jan bango. Jari, hannun jari, kasada, faɗuwa, yadda kamfani ke zaɓar inda zai zuba dukiyarsa. In abu ya ƙi shiga Hausa, na san ban gane shi ba ke nan. Ƙawayena suna tsokanata da Malama Tafinta, amma ranar jarrabawa su ne a layin aron littafin.

Wannan littafi ne ya kusa raba ni da karatun. A hutun ƙarshen shekara na kai wa Malam fura zaure, na mance shi a kan tabarma. Aminin Malam, Alhaji Mamman, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya daɗe yana yi masa famfo cewa karatun kuɗi karatun banki ne, banki kuwa kuɗin ruwa, ya ɗauka ya buɗe. Idonsa ya faɗa kan wani babi da na sa wa suna "Hanyoyin ninka riba".

Kowane Bahaushe ya san riba biyu ce a bakinmu. Akwai ta ɗan kasuwa, wadda ake jan farkonta, murya ta fara sama ta sauko. Akwai kuma wadda Allah ya haramta, gajeriya, murya ta fara ƙasa ta hau. Kunne ba ya haɗa su, amma boko ya haɗa su a haruffa huɗu. Alhaji Mamman, da yake abin da ke ransa ke nan, ya karanta wa Malam ta biyun, a gaban ɗalibai.

Da magariba Malam ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Hajara, ashe abin da na tura ki koyo ke nan? To kin gama. In an koma, ba da ke ba. Wanga karatu ban sa mai albarka ba."

Kwana uku ina kuka a ɗakin Inna. Barin jami'ar ya yi mini ciwo, amma kalmar ƙarshen nan ta fi. A rana ta huɗu Inna ta gaji da ni, ta ce kuka bai taɓa buɗe ƙofar Malam ba, in ina so ya saurare ni in je masa a matsayin mai ɗaukar karatu. Na jira ɗalibai suka watse, na durƙusa nesa kaɗan, na ce ina da tambaya a kan wata kalma. Malami ba ya korar matambayi. Na karanta masa kan babin yadda na nufa, na ci gaba da abin da ke ƙarƙashinsa: rage ɓarna, saurin juya kaya, sayen abu a lokacinsa.

Ya jawo allo ya rubuta kalmomin biyu da Larabci, ɗaya ta ƙare da ha ƙarami, ɗaya da alif. Ya ce, "Kin gani? Nan ko makaho ba shi haɗa su. Bokonku ne bai da kunne." Na fara murna ke nan sai ya jefo tambayar da nake tsoro: to ita ɗayar, ana koya muku ita ko ba a koyawa?

Da na so, da na tsira da ƙarya a ranar. Na ce ana koyawa, har lissafinta muna yi. Ya ajiye allon. Sannan ya ce sanin haram ba haram ba ne, wanda bai san rami ba shi ke faɗawa ciki. In koma, amma da sharaɗi: duk hutu zan zauna gabansa mu karanta babin ciniki na fiƙihu, daga farko har ƙarshe. Ya ba ni izini. Albarkar da ya janye kuwa bai mayar da ita da bakinsa ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙa.

Lokutan hutun da suka biyo baya su ne mafi daɗin kwanakin da na yi da shi. Shi da littafinsa, ni da mai jan bango. In ya karanta sharuɗɗan haɗa jari tsakanin mai dukiya da mai zuba ƙarfinsa, sai in ce ai mun yi wannan a aji biyu, ya ce to malamanku sun makara da shekara dubu. In na kawo masa hikimar raba jari wuri-wuri don rage kasada, ya ce duk ɗan kasuwar hatsin da ya sayi gero kaɗai ai ba ya bukatar farfesa ya gaya masa ya yi wauta. Wani lokaci ya ci ni, wani lokaci in ci shi, ko da yake bai taɓa amsa an ci shi ba, sai dai ya ce lokacin salla ya yi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Katsinar yau. Bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, waɗanda a zamaninsa sai dai labari, ga su nan a bakin titi. Ina jin zai yi murna, sannan ya sa ni in karanto masa takardunsu layi-layi don ya tabbata ba suna kawai aka sauya ba. Mai ƙosai tana karɓar kuɗi ta waya, wannan zai ba shi dariya. Samarin da ke wuni suna dangwalar waya wai suna haƙo kuɗin da ba a gani ba a taɓawa kuwa, na san tambaya ɗaya zai yi musu: mi aka saya, mi aka saida? Ɗalibaina na kwaleji, inda nake koyar da wannan fanni yanzu, sun san wannan tambaya, don ba na gama zango ban yi musu ita ba.

Malam ya rasu ina ajin ƙarshe, sakamako bai fito ba. Na karɓi digirina, na yi aure, na kama aiki, komai lafiya, amma abin nan yana nan maƙale a raina. Izini daban, albarka daban.

Bara da Sallah na je gaida Alhaji Mamman, wanda tsufa ya zaunar. Muna cikin hira ya ce ya tuna wasu 'yan hatsi biyu, wa da ƙane, da suka zo wa Malam watanni kaɗan kafin rasuwarsa, suna son haɗa jari da wani kamfani, sun kawo takardu. Malam ya juya takardun, ya mayar musu, zaure cike da mutane, ya ce:

"Ku dakata hutu ya zo. Ɗiyata Hajara ta hi ni sanin wanga babi, Allah ya yi mata albarka. Abin da ta ce, shi na ce."

Na ce, "Baba Alhaji, shekara goma sha ɗaya kana riƙe da wannan magana?"

Ya ce, "Yo ni na ɗauka kin sani. Ai duk Gobarau ta sani."

Malam bai bar gidaje ko gonaki ba, littattafansa ma an raba wa ɗalibai. Abin da ya rage nasa shi ne ɗabi'ar tsayawa a tambayi ma'anar kalma kafin a yanke hukunci, da jarumtar sauya ra'ayi a gaban jama'a bayan an riga an furta shi, abin da manya da yawa ba su iyawa. Ni kuma ya bar mini addu'a guda da ta yi shekara goma sha ɗaya a hanya kafin ta iso. Na yi kuka a motar komawa gida, amma na daɗi ne. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa. Baba, saƙo ya iso, na ce amin.