Bahaushen Mama

A garin Lafiya kowa da Hausarsa, kowa kuma da karin maganarsa, ba ma rigima a kan wannan. Na tashi ina jin wani maƙwabcinmu, ɗan ƙabilar Tibi mai sayar da lemo, yana cewa "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jaka," kuma har ya tsufa babu wanda ya gaya masa jinka ake cewa. To a gaya masa don me? Gidajen unguwarmu duk rufin kwano ne, jaka kuwa kowa ya san nauyinta. Mai ƙosan bakin layinmu ita kuma cewa take "ruwa ba ya sanyi banza." Haka muka riƙe, har sai da na shiga sakandare na ga an rubuta tsami a littafi, na ɗauka masu buga littafin ne suka yi kuskure.

Waɗannan duk na dariya ne. Wanda ya daɗe yana cina a rai shi ne na mahaifiyata.

Mama 'yar ƙabilar Alago ce, daga wani ƙauye can bayan Obi. Baba kuwa tela ne, fatauci ya kawo kakansa daga Katsina ya zauna, saboda haka da Hausa muka tashi. In Mama ta yi mana yarenta dariya muke yi, mu riƙa kwaikwayonta, har ta gaji ta daina. Sana'arta sayar da agushi. Takan sayo shi da ɓawonsa, a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, bayan la'asar mu zauna ƙarƙashin mangwaron tsakar gida tare da matan maƙwabta muna ɓarewa har farce ya yi zafi. A wannan zaman take mana tarbiyya. Ba ta duka, ba ta zagi. Sai dai ta ɗaga ƙwayar agushi ɗaya kamar mai duba ta, ta ce, "Bahaushe ya ce..." Da an ji haka kowa sai ya shiga taitayinsa, don an san akwai wanda za a soka.

Muna da 'yar gona wajen Akurba. Ranar da yayana ya gasa doyar da aka ajiye don shuka, ko kallonsa Mama ba ta yi ba. Ta ce, "Bahaushe ya ce, wanda ya ci irin doya da rani, da damina sai ya shuka hamma." Ni kuwa kwaɗayi ne cutata. In na ci tuwo a gida sai in leƙa maƙwabta in yi fuskar wadda ba ta ci komai ba. Da labari ya iso mata, nawa ya fito a irin Hausarta da ba ta bambance mace da namiji: "Bahaushe ya ce, akuya da ya san hanyan gona biyu, igiya yake nema." Baba kansa bai tsira ba. In ya share kwanon miya ya tashi bai ce komai ba, sai ta bi bayansa da, "Kaza ba ya gode wa ruwan sama, amma shi ke cin gara." Sai ya dawo yana dariya ya ce, "Sannu da aiki, uwargida."

Na haddace su kaf. A makaranta in aka yi gardama nakan jefa guda ɗaya, ƙawayena 'yan ƙabilun Eggon da Migili su ce ai wannan Bahaushiyar asali ce. Kaina ya kumbura ƙwarai. Wannan kumburin ne ya sa da na gama sakandare na ce Hausa zan karanta, kuma a Kano.

A zangon farko a jami'a malaminmu ya ce kowa ya kawo karin magana ashirin. Ni talatin na kai, don a san na zo. Ranar da ya dawo da takardu, tawa ya ajiye ta ƙarshe. Ya karanta na akuyar nan a gaban aji, a hankali, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, wane Bahaushe ne ya faɗi wannan?"

Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce, "Bahaushen Lafiya!" Aji ya kwashe da dariya. Shi malamin bai yi da mugunta ba, har cewa ya yi suna da daɗi, sai dai bai taɓa jin su a bakin kowa ba, bai kuma gan su a littafi ba. Amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sunan kuwa ya bi ni har na gama karatu.

Da na dawo hutu, na tarar da su ƙarƙashin mangwaro kamar kullum. Ko jakata ban ajiye ba. Ina da saurin fushi, kuma a lokacin ina ganin 'yan watannin da na yi a Kano sun mai da ni alƙaliyar harshe.

Na ce, "Mama, kin ba ni kunya. Karin maganarki duk jabu ne. Babu Bahaushen da ya san su."

Matan maƙwabta suka sunkuyar da kai. Mama ta ci gaba da ɓarar agushinta, sai da ta tara 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ta zuba a faranti sannan ta amsa.

"Na babana ne. Da yare yake faɗa. Ni na juya shi da Hausa, tunda in na yi yare kuna dariya."

"To me ya hana ki ce babanki ya ce?"

"Wa ya san babana a nan?"

Shi ke nan abin da ta ce. Ta sa aka ɗebo mini ruwa, ta tambayi hanya. Amma tun daga ranar ba ta sake ɗaga ƙwayar agushi ta ce Bahaushe ya ce ba.

Da farko ban ma lura ba. Sai da na yi aure, na fara koyarwa, na haifi nawa, sannan na ji gidanmu ya yi wani irin shiru. Jikokinta za su yi ɓarna a gabanta, iyakarta ta ce, "Ku bari." Na ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba, ta ce ya wuce, kuma na san har zuciyarta ya wuce, amma magana zarar bunu ce. Na gwada dabara. Nakan ɗauko rabin karin maganar in yi kamar na manta sauran, sai ta yi murmushi ta ce, "Kai ne malama, ka ƙarasa." Abin ya dame ni matuƙa. Babu abin da nake so kamar in sake jin ta soki wani, ko da ni ce.

Daga baya na yi tunanin in na je ƙauyensu na rubuta maganganun kakana da yaren da ya faɗe su, za ta ga na daraja su, wataƙila bakinta ya buɗe. Yayanta, wanda muke kira Kawu, yana nan da rai. Da na ce mu je tare, Mama ta yi ta kawo uzuri, yau ƙafa, gobe kasuwa, amma na nace. Bayan an haƙe doya muka shiga mota zuwa Obi, daga can muka hau mashin.

Mun sami Kawu zaune a inuwar rumbunsa. Bayan gaisuwa da shan ruwa na buɗe littafina, na ce ya faɗa mini yadda kakana yake faɗin kowane ɗaya. Na fara da na irin doya. Nan take ya gyaɗa kai, ya faɗe shi da Alago, na ga idon Mama ya kawo ruwa. Na rubuta yadda kunnena ya ji, ina murna. Na karanta na akuya, ya ce in maimaita. Na karanta na kaza, na ƙara wasu biyar a kai. Sai tsohon nan ya fashe da dariya har da tari.

Da Hausarsa irin ta Mama ya ce, "Babanmu? Mutumin da yake wuni bai yi magana biyar ba? Na doya ne kawai nasa. 'Yata, sauran duk bakin uwarka ne. Tun yana ƙarami haka yake, abu kaɗan ya ɗaura magana a kai. Har tsawa ana masa, wai mace ba ya buga karin magana gaban manya."

Na juya in dubi Mama, na ga har ta miƙe ta nufi madafa tana cewa Kawu ya tsufa, ba ya tuna komai.

A motar dawowa muna kujerar baya, doyar da aka ba mu tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ni lissafi nake yi a zuci: shekara nawa ina yawo da maganar uwata a baki ina ba wani Bahaushe da babu shi lada, sannan da aka yi mini dariya na zo na kira ta jabu a gaban mutane.

Na ce, "Mama, ashe naki ne."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Da na ce ni na faɗa, za ka ji?"

Na so in ce zan ji. Amma na tuna yarinyar da nake a lokacin, mai kwaikwayon yaren uwarta don a yi dariya, na san ƙarya zan yi. Hawaye suka zubo a kan littafin da ke cinyata.

Ta dube ni, ta kamo gefen mayafinta ta goge mini fuska da ƙarfi, yadda take yi ina ƙarama. Sannan ta mai da kallonta taga ta ce, "Yaro da ka goya, shi ya san inda bayanka ya karkace."

Ban taɓa jin wannan ba. Na tambaye ta, "Wa ya faɗa?"

Ta ce, "Ni."

Damina biyu ta ƙara yi a duniya, kuma a cikinsu babu wanda ya tsira daga bakinta, har mai keken da ke kai ta kasuwa.