Motar da Ta Sha Kanwar Shanuna

Jama'a, yau da hannuna na ba mota kanwa!

Na koro shanu zuwa rijiyar Aujara, sai ga motar Bature, abin da a labari kawai muke ji, ta tare burtali. Direbanta, wani Bakano, yana ta taka wani abu, ita kuwa sai ƙas-ƙas-ƙas, ta ƙi tashi. Shanuna suka kafe, ga rana ga ƙishirwa.

Haushi ya kama ni, na ce, "Ni saniya in ta ƙi tashi, kanwa nake ba ta."

Sai ya zabura. "Baffa, kana da ita?"

Na kwance ƙunshina na jiƙa a ƙwarya, ina ta zagaye ina neman bakinta. Ya ce, "Ba nan ba." Ya nuna mini wani baƙin akwati, wai batir, kansa duk farin gari. Ina zubawa sai kumfa! Ya goge, ya ƙara ɗaure wayar tamau, ya taka. Ta yi ruri, shanuna suka watse.

Na dawo ruga kaina a ɗaure, na ba Inna labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tunda tana shan kanwa, ka tambayi ko tana haihuwa?"