Macijin da ya kayar mini da rudun albasa

Jama'a, kun san duk Goronyo ba wanda ya kai ni kashe maciji ko? To yau na gamu da gamona!

Da hantsi na je rudun albasata, gadon karan nan da nake ajiye ta a kai, in tsince ruɓaɓɓu. Sai ga wani abu dogo, toka-toka, yana sulalowa wajen ƙafata. Wallahi ƙafafunsa sun fi ɗari! Na kurma ihu, na ɗare kan rudu. Rugum! Ya rufta da ni. Albasar da nake jira ta yi tsada, rabinta ta farfashe a ƙarƙashina.

Maƙwabcina Kawu Maidamma ya sheƙo da sanda. "Mi ya faru?"

"Maciji mai ƙafa, Kawu!"

Ya leƙa. Ashe jaba ce da 'ya'yanta, kowanne ya ciji gindin wutsiyar na gabansa, sun yi layi! Ya ce haka take kwashe su in an dame ta. Albasa ma ba ta ci, kyankyasai da gyare take kama mini kyauta.

Yanzu ga ƙuguna ya riƙe, tun azahar nake duƙe ina tsinta. Kawu ya dube ni ya ce, "Sani, wagga ɓarna ko jabar duniya ta taru ba ta iya ta. Kai ne kusun rudunka."